Fayil Ɗaya, Ba Ni a Ciki

Litinin, da hantsi

Lafiya lau nake. Na fara da wannan ne saboda kwanan nan duk wanda ya gan ni sai ya karkata kai ya ce, "Ya jiki?" alhali ban ce wa kowa ina ciwo ba.

Yaya ya zo ofis ɗazu. Yayan mai shago nake nufi, wanda yake koya wa mutane tuƙin mota, shi ya sa ko hira yake da kai ƙafarsa tana lalubar birki. Na miƙa masa kujera, ya ƙi zama.

"Injiniya, saƙo aka ba ni," in ji shi. Ba ya ce mini Injiniya sai ransa a ɓace yake. "Abin nan naka mai fitar da zanen yanka. A ba ta shi. Ya yi aiki a shagonta, ba sai an kira ka ba."

Na ce, "Yaya, ai ba wata wahala ba ce a kira ni."

"Ba sai an kira ka ba," ya maimaita, ya fita bai ko ja ƙofa ba.

Mai shago matata ce. Tela ce. Ina rubuta "mai shago" ne don hannuna ya fi sakewa da shi a 'yan kwanakin nan. Tana gidan Yaya, hutu take yi. Ta tafi da ƙaramin keken ɗinkinta da bargon da ya fi ɗumi, ta bar mini kyanwarta, wadda dama can ba ma shiri.

Litinin, da yamma

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai daina juyawa.

Shekarun baya na ga tana wuni a duƙe tana zana takardun yanka da alli da ma'auni, har bayanta ya riƙa ƙagewa. Sai na zauna na rubuta mata 'yar manhaja. Ka sa awon mutum, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, ita kuma ta zana maka kowane ɓangaren riga a takarda, a buga, a ɗora a kan yadi a yanka. Kyakkyawan aiki ne, ba don ni na yi ba.

A kwamfutata kaɗai take. Da rana mai shago ta turo awo ta waya, in sa, in tura mata zane. Da yamma kuma ta zauna kusa da ni a teburin cin abinci tana karanta awon, ina bugawa. Ta sha ce mini in saka mata a tata kwamfutar. Ni kuma in ce abin yana da rikitarwa. Yana da rikitarwar kuwa, ba ƙarya na yi ba.

Yanzu ba ta turo awo. Na duba wayar don in tabbata ba ta lalace ba. Ba ta lalace ba.

Talata, da safe

Kyanwar ta ƙi cin abin da na zuba mata. Ta zauna a kan kujerar mai shago tana kallona kamar ni na kori kaina daga hankalina.

Laraba, da azahar

Yaya ya dawo da filas na kwamfuta a hannu, sabo fil, ko ledarsa bai cire ba.

"Kwafa mini a nan, ina sauri, akwai ɗaliba a mota."

Na ce ba haka ake yi ba. Na yi masa bayani dalla-dalla: yaren da na rubuta manhajar da shi, kwamfuta ba ta jinsa kai tsaye. Sai da tafinta a tsakani, wata manhaja da take karanta abin da na rubuta layi-layi tana faɗa wa kwamfuta. Bayan tafinta kuma akwai kayan aro, guntayen aikin da wasu bayin Allah suka rubuta suka saki kyauta, wannan mai jan layi, wancan mai lanƙwasa hammata, wani mai shirya takarda. Duk suna kwamfutata. In na ba shi manhajar ita kaɗai, tamkar na ba shi riga ba zare ne.

"To a haɗa da tafintan," in ji Yaya.

"Shi ne aikin ai. Sai an ɗaure manhajar da tafinta da kayan aron duka a ƙunshi ɗaya, fayil ɗaya, wanda in an danna shi sau biyu zai buɗe ya kama aiki."

"Ba kai a ciki."

"Ba ni a ciki."

Ya ce madalla, abin da ake so ke nan. Daga waje muka ji ɗalibar ta danna odar mota da gwiwar hannu, ya fita a guje.

Dogo, abokin aikina da muke raba ofis, duk yana jinmu. Da Yaya ya tafi sai ya ce, "Mutumina, da ka yi shiru ranar nan da duk ba a zo nan ba." Na ce masa wasa nake yi ranar nan, kuma kowa ya san wasa nake. Ya ce, "A gaban masu karɓar ɗinki fa." Na ce ɗayar ma waya take yi, ba ta ji ba. Ya ce ita ce ta ba matarsa labari.

Ba na son maganar.

Alhamis, da hantsi

Akwai manhajar da aikinta ke nan, ɗauri. Mai ɗauri nake ce mata. Tana karanta abin da ka rubuta, ta bi sawun duk kayan aron da ka ambata, ta tattaro su da tafinta ta ƙulle waje ɗaya. Na sa ta aiki, na haɗa shayi, kafin in shanye ta gama.

Manhajar da na rubuta 'yar mitsitsiya ce. Ƙunshin da ya fito kuwa ƙato ne, har na zaci kuskure aka yi. Ashe mai ɗauri irin matafiyin nan ne da za shi kwana ɗaya ya ɗauki turmi. Ta kwaso mini har da kayan lissafin taurari, saboda wani kayan aro ya taɓa gaisawa da su.

Na danna sau biyu. Wata baƙar taga ta leƙo, ta ɓace. Na sake dannawa. Ta sake leƙowa, ta sake ɓacewa. Dogo ya ce, "Ko ita ma gidan yayanta ta tafi?"

Ban yi dariya ba.

Juma'a, da la'asar

Na gano abin da ya hana ta buɗewa. Mai lanƙwasa hammata yana da wani ƙani da yake kira a ɓoye, mai ɗauri ba ta gan shi ba, ta baro shi. Na rubuta mata sunansa ƙarara. Yanzu ƙunshin yana buɗewa.

Amma a kwamfutata. Nan ne gizon yake saƙa. Kwamfutocin nan gida uku ne, kowane gida da tsarinsa. Tawa gida ɗaya. Tsohuwar da take shago, wadda aka jona wa babbar firinta, gida na biyu. Siririyar nan ta hannun mai shago, wadda Yaya ya saya mata yana ta faɗa wa duniya, gida na uku. Ƙunshin da aka ɗaure a wani gida ba ya buɗuwa a wani, kuma mai ɗauri ba ta ɗaure wa gidan da ba a cikinsa take zaune ba. Kana son ƙunshin gida na biyu, sai ka zauna gaban kwamfutar gida na biyu.

Ta Dogo irin tsohuwar shago ce, ya ce zai ara mini. Irin siririyar kuwa, duk wanda na sani ba mai ita sai mutum ɗaya.

Na daɗe ina kallon bango bayan na gane haka. Lafiya lau nake.

Asabar, da yamma

Na gwada manhajar a gida, ta asali, don in tuna yadda take tafiya daga farko zuwa ƙarshe. Na sa awon ƙarya, ta zana, na danna ajiye. Sai muryata ta fito daga kwamfutar: "An gama, ranki ya daɗe."

Na manta da abin nan. Tun farkon rubuta manhajar na naɗi muryata na saka, don tsokana. Duk sanda ta faɗa sai mai shago ta ce, "Allah ya shirye ka," ta jefe ni da abin da yake kusa, yawanci ƙwallon zare.

Kyanwar ta ɗaga kai ta kalli ƙofa. Daga nan ta kalle ni, ta koma barcinta.

Lahadi

Na soya ƙwai. Ya kama.

Litinin, da azahar

Na ɗaure na gida na biyu a kwamfutar Dogo. Na danna, ya buɗe, na sa awo, zane ya fito tsaf. Na ce shi ke nan, na rufe. Na ba Yaya a filas ɗinsa.

Ban kai ga cin abinci ba ya kira.

"Injiniya! Cuta ka turo mata?"

Ashe yana sokawa a tsohuwar kwamfutar, manhajar riga-kafinta ta watso jan rubutu a fuska tana ƙara. Na ce, "Yaya, ba cuta ba ce. Riga-kafin bai san fayil ɗin ba ne, baƙo ne a wurinsa, kuma ya ga ya ƙunso kaya da yawa a ciki, shi ne ya tsargu."

"Ni ma na tsargu."

Ya ce ya zare wayar wutar tsohuwar daga bango, ya kuma lulluɓe ta da ƙyalle don kada abin ya kama siririyar. Na buɗe baki zan ce ba ta iska ake ɗauka ba, sai na tuna ina neman shiri da mutumin nan, na haɗiye.

Na faɗa masa maganar gida uku, da cewa dole sai na zauna gaban siririyar kafin in ɗaure nata. Ina jin ƙarar motoci ta bayansa.

"Dabara ce?"

"Wallahi Yaya ba dabara ba ce. Tambayi kowa."

"Zan tambaya."

Talata, da hantsi

Ya tambaya. Wani ɗalibinsa na tuƙi irin aikinmu yake yi, Yaya ya tsayar da shi a tsakiyar koyon ja da baya ya yi masa tambayoyi. Ɗalibin ya ce gaskiya na faɗa, sannan ya daki tukunyar fulawa.

An ce in zo shago ran Alhamis. A gaban Yaya za a yi komai.

Talata, da la'asar

Dogo ya jawo kujerarsa kusa da ni, ya rage murya, alhali mu biyu ne a ofis.

"Ka bar 'yar ƙusa a ciki mana. Layi ɗaya. Duk ƙarshen mako abin ya tsaya, a kira ka. Ka je ka shafa kwamfutar, ya tashi. Wa zai sani?"

Na ce masa ni ba irin waɗannan ba ne, kuma na yi mamakin jin haka daga bakinsa.

Laraba, da safe

Na rubuta layin.

Laraba, da azahar

Na goge shi. Ba don Dogo ba. Na tuna yadda bayanta yake ƙagewa ne.

Na kai rigata shuɗiya wajen guga. Ita ta ɗinka ta. Ba don komai na zaɓe ta ba, ita ce a sama.

Alhamis, da magariba

Wannan zai yi tsawo.

Na isa shago da kwamfutata a jaka. Abin da na fara gani shi ne maratayin kaya. Cike yake da kayan da aka gama, riguna a jere, kowace da takardar mai ita. A kan babban tebur ga takardun yanka da aka zana da hannu, da alli, layi tsaf kamar da. Gwaggo ce da ita suke yi. Gwaggo ita ce dattijuwar da take taya ta yanka tun buɗe shagon, ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma kowa haka yake ce mata.

Mai shago tana tsaye a bakin tebur, ma'auni a wuya, almakashi a hannu. Na yi sallama. Gwaggo ta amsa. Yaya ya amsa rabi.

"Gwaggo, ki ce masa kwamfutar tana kan ƙaramin tebur," in ji mai shago. Tsakanina da ita bai fi tsawon yadi ba.

"Ɗana, an ce kwamfutar tana kan ƙaramin tebur."

"Na gode, Gwaggo. A ce mata akwai kalmar sirri."

"An ce akwai kalmar sirri."

Ta zo ta buga da kanta, ta kare da hannu ɗaya. Ban kalla ba. Amma na ji yawan bugun, kuma ba ta canza ba.

Na zauna a kan wata 'yar kujera tsakanin buhun ƙyallaye da gunkin gwada riga marar kai. Na sauko da tafinta a siririyar, na sauko da kayan aro ɗaya bayan ɗaya, na kawo mai ɗauri. Yaya yana tsaye a bayana, hannu a baya, duk sanda rubutu ya gudu a fuskar kwamfutar sai ya ce, "A hankali." Na ce ba ni nake tuƙawa ba. Ya ce duk haka suke faɗa.

Ana cikin jira Gwaggo ta kawo mini ruwa, ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Ka ga dai ba mu rufe ba. Ai kai ne ka ce ranar da ka rufe kwamfutarka, shagon nan ma zai tsaya..."

"Gwaggo, ruwan nan da sanyi, na gode."

Almakashin mai shago bai tsaya ba, amma ƙararsa ta ƙaru.

Ƙunshin ya fito. Na danna sau biyu, ya buɗe. Na ce a ba ni awon wani a gwada.

"Gwaggo, auna shi," in ji mai shago.

Haka na miƙe na ware hannuwa a tsakiyar shago, Gwaggo tana zagaye ni da ma'auni tana faɗin awo, Yaya yana bugawa da yatsa ɗaya saboda ya ce shi ma yana so ya gani da idonsa. Da aka zo ƙugu, Gwaggo ta faɗa. Almakashin ya tsaya.

"Ya ragu," in ji mai shago. Yadin take kallo, da shi take magana.

Ni dai na ce ƙila ma'aunin ne.

Zane ya fito a fuska, kyakkyawa. Yaya ya gyaɗa kai duk da bai so ba. Na ce, "Yanzu sai a danna ajiye." Ya danna.

Manhajar ta faɗi warwas. Wani akwatin rubutu ya fito, Gwaggo ta gyara tabarau ta matso.

"Me ya ce?"

Cewa ya yi ya nemi wani fayil ya rasa. Sunan fayil ɗin kuwa ga shi ɓaro-ɓaro a rubuce, yadda na sa masa tun shekarun baya, Gwaggo ta karanta shi da ƙarfi, harafi-harafi: "Ran-ki-ya-da-ɗe."

Na so ƙasa ta tsage. Muryar nan tawa ce. Ba ta cikin manhajar, tana can wani lungu a kwamfutata, manhajar tana zuwa ta ɗauko ta ne idan ta gama. Mai ɗauri ba ta san da ita ba, don ba kayan aro ba ce. Ni kuma da na gwada a kwamfutar Dogo, ina ganin zane ya fito na ce shi ke nan, ban danna ajiye ba. Shekara da shekaru ina yi wa wasu faɗa a kan irin wannan.

Dole na yi bayani. Yaya ya saurara har ƙarshe, fuska a murtuke.

"Wato muryarka ce a ciki."

"Eh. A'a. Wato ba ta ciki, shi ya sa ya faɗi."

"An ce ba kai a ciki. Cire ta."

Na kalli wajen mai shago. Ta juya mana baya tana gyara wa gunki wuyan riga. Kafaɗunta suna ɗan motsi, ban san ko dariya ba ce ko wani abu. Ba ta ce a cire ba, ba ta ce a bari ba.

Na ce to.

Juma'a, da safe

Shagon bai tsaya ba.

Juma'a, da la'asar

Na cire muryar. A madadinta na sa 'yar ƙara irin ta kowace na'ura, ƙit. Na sake ɗaure na gidana, na sake ɗaure na gida na biyu a wajen Dogo. Wannan karon na danna kowane maɓalli, har waɗanda na manta dalilin da ya sa na yi su. Na ari kwamfutar mai gyaran waya na ƙasan ofishinmu, wadda ba ta taɓa ganin tafinta ba, na gwada a can. Ya buɗe, ya zana, ya ajiye, ya ce ƙit.

Dogo ya ce aiki ya yi kyau. Ya yi kyau kuwa. Ban taɓa yin aiki mai kyau da ya ɓata mini rai haka ba.

Asabar, da azahar

Na koma shago don in ɗaure na siririyar. Ba ta nan, an ce ta tafi sayen yadi. Ta bar kwamfutar a buɗe. Yaya ma bai zo ba, ya ce ya yarda da Gwaggo.

Na ɗaure. Na cire wa tsohuwar lulluɓinta, na jona ta, na gabatar da ƙunshin ga riga-kafinta har ya yarda ba ɓarawo ba ne. Na goge tafinta da kayan aron da na sauke a siririyar, don a tabbata ƙunshin shi kaɗai yake tsaye. Sannan na ce Gwaggo ta zauna ta yi da kanta, ni ban taɓa ba.

Ta danna sau biyu, na biyun da ƙarfi kamar tana kashe kiyashi. Ta sa awo. Babbar firinta ta yi tari ta fara aman takarda. Gwaggo ta ɗauki zanen ta ɗora ma'auni a kai, ta duba kafaɗa, ta duba hammata.

"Daidai," in ji ta. "To, ɗana, ka huta."

Na tattara jakata. A bakin ƙofa ta miƙo mini wata leda. "An ce wandonka yana zamewa, a ba ka wannan." Sabon wando ne, an ɗinka shi da awon ran Alhamis. Na ce wa ya ce? Ta ce ita dai an ce.

Lahadi

Wandon ya yi mini cif.

Litinin, da yamma

Ba kira.

Talata, da yamma

Ba kira. Wato yana aiki. Dogo ya ce da na bar ƙusar nan da yanzu ina can. Na ce ya yi mini shiru.

Laraba, da magariba

Kyanwar ta hau cinyata yau, karo na farko tun da aka kawo ta gidan nan. Ba sona take yi ba, na sani. Rasa wa za ta hau ta yi.

Ba lafiya lau nake ba. Kewarta nake yi, kewa mai tsanani, har teburin cin abincin nan ba na son kallonsa. Na ɗauka in na riƙe abin nan a kwamfutata kullum za a neme ni. Yanzu na ɗaure shi da hannuna na miƙa, kuma ya fi kyau a can.

Alhamis, da la'asar

Waya ta yi ƙara ina ofis. Na ga sunan, na miƙe tsaye, ban san dalili ba. Dogo ma ya miƙe.

"Abin nan da ka bayar bai cika ba."

Ita ce, da kanta, ba Gwaggo a tsakani. Na ce me ya faru, ya ƙi buɗewa ne? Ta ce yana buɗewa. Zanen ne ya karkace? Ta ce zane lafiya lau. Firinta? Firinta ma lafiya.

"To mene ne?"

"Ba ya cewa an gama."

"Yana ƙara ai. Ƙit."

"Ƙara magana ce? Ta ina zan san ya gama?"

Na buɗe baki zan ce ai takarda tana fitowa, ana gani, kuma yayanta ne ya ce a cire. Dogo ya ɗauki littafi ya ɗaga kamar zai jefe ni. Na rufe bakin.

"Gaskiya ne," na ce. "Wannan babbar matsala ce. Sai dai fa kin san sai na zauna gaban siririyar kafin in sake ɗaurewa."

"Na sani. Gida uku. Shago da hayaniya, ba za ka iya aiki ba. Gwaggo ba ta barin mutum ya yi tunani. Zan kawo ta gida gobe."

Na ce to. Ta ce kyanwar tana cin abinci? Na ce tana ci. Ta ce kai fa? Na ce ana taɓawa. Ta ce, "Allah ya shirye ka," ta kashe.

Dogo ya ce in zauna kada in faɗi.

Juma'a, da hantsi

Na share ko'ina. Na wanke tukunyar da ƙwai ya kama a ciki, ta ƙi fita, na ɓoye ta a bayan kabad. Na sa sabon wandon.

Juma'a, da yamma

Yaya ne ya kawo ta, a motar koyon tuƙi. Siririyar kwamfuta ba ta da nauyi, da hannu ɗaya mai shago ta shigo da ita. Amma Yaya ya yi ta sawu tsakanin mota da ƙofa yana haki: akwati, wani akwatin, ƙaramin keken ɗinki. Bargon ne ya shigo ƙarshe.

Kyanwar ta sauka daga cinyata ko waiwaye ba ta yi ba.

Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana share gumi, ya kalli kwamfutar a kan teburin cin abinci, ya kalle ni.

"Malam, aikin nan yaushe zai ƙare?"

Malam ya ce, ba Injiniya ba. Aikin kuwa, in don ta shi ne, kafin ruwan shayi ya tafasa na gama: in nuna wa mai ɗauri inda muryar take, ta sa ta a ƙunshi, shi ke nan. Har na ja numfashi zan faɗa masa haka, dalla-dalla, yadda na saba.

"Yaya, abin yana da rikitarwa," in ji matata, tana ninke bargon a kan kujera. "Ba a yi masa gaggawa."

Na ja bakina na tsuke. Na je na ɗora ruwan shayi.